Ɓawo na Huɗu

A ƙauyenmu, in hira ta biyo ta kan kifi, cewa ake yi Genzo ke da ido, Tokuji ke da hannu. Masu faɗin haka gani suke sun raba yabo biyu sun ba kowa rabonsa. Genzo yakan yi dariya ya wuce. Tokuji kuwa ya shekara talatin yana jin wannan magana, bai taɓa jin daɗinta ba ko sau ɗaya. Abin da ke shiga kunnensa shi ne, wancan ya iya fitar da kifi mai kyau, wannan sai dai wankin gyambo.

Sa'o'in juna ne, gidajensu na kallon juna a jikin dutse ɗaya, tafkunan iyayensu kuma suna jere hawa-hawa tsakanin gonakin shinkafa. Tare suka yi firamare, tare suka riƙa ratsa dusar ƙanƙarar da ta fi tsayinsu, tare kuma suka gaji kiwon koi, kifin adon nan da ba a ci sai dai a kalla. Uban Genzo ya bar masa tafki tara. Uban Tokuji ya bar masa bakwai, uwarsa kuma, wadda ita ce unguwarzomar ƙauyen, ta bar masa yatsu. Yatsun ba laifi, dogaye ne masu sanyi, ba sa rawa. Amma da an ba shi zaɓi, da ido ya ɗauka.

Sunan likita ya same shi ne shekarar da cutar rami ta shigo duwatsun nan, lokacin suna da wajen shekara talatin. Kifi zai kwana lafiya, a wayi gari ɓawo ɗaya ya ɗaga a jikinsa, ƙarƙashinsa ya yi jini-jini, kafin mako biyu wurin ya zama rami har ana ganin tsoka. Mutane suka yi ta kwasar gawa a kwando suna binnewa a gindin itatuwa. Tokuji ya kasa binne mai sauran numfashi. Ya wanke wani tankin siminti a rumfar bayan gidansa ya riƙa karɓar waɗanda aka fid da rai da su, ya sauka gari wurin wani ma'aikacin kifi ya koyo allura da awon gishiri, sauran kuma ya koya a jikin waɗanda suka mutu a hannunsa. Da sanyi ya wuce ya mayar wa mutane da kifi goma sha tara da ransu. Daga nan ya zama likita, ba kuma wanda ya sake tambayarsa me tafkinsa ya fitar bana.

Duk wanda ya ciyo gasar kyawun kifi da kifin da Tokuji ya yi jinya yakan kawo masa kwalbar giyar shinkafa, ya sunkuya ya yi godiya, ya koma gida da kofinsa. A falon Genzo hotuna ne jere a bango, shi da kofi, shi da kifi a baho. A uku daga cikinsu, in ka duba gefe, za ka ga hannun wani riƙe da bakin bahon, mai hoto ya yanke shi daga gwiwar hannu. Tokuji ya san hannun. In ya shiga falon nan yakan zauna ne ya ba bangon baya.

Abin da zan ba da labari ya samo asali ne ranar zaɓen 'ya'yan kifi a gidan Tokuji, cikin zafin Yuli, suna da shekara hamsin da huɗu. Uwa ɗaya kan zuba ƙwai sama da dubu ɗari, tafki kuwa ba zai ɗauki ko ɗaya cikin ɗari ba, don haka sai a zauna a inuwa da 'yar koma ana ɗebowa ana dubawa, mai alamar kyau a baho, sauran a bokiti. Aikin gayya ne, yau gidanka gobe gidan maƙwabci. Kuma tun kakanni ƙa'idar ɗaya ce: abin da ya faɗa bokiti ya fita daga hannun mai shi. Wanda ya taya ka aiki yana iya ɗaukar abin da ya ga dama a ciki, ba roƙo ba godiya, kai kuma ba ka da bakin cewa a dawo maka da shi. Abin da ya rage taki ne, gonar kabewa ake kai shi.

Wajen ƙarfe huɗu wata 'yar kifi ta shigo komar Tokuji, tsawon ɗan yatsa, ramammiya. Farinta fes, amma abin da ya kamata ya zama ja a bayanta ruwan kabewa ne kawai, koɗaɗɗe. Ya juya ta sau ɗaya ya jefa bokiti. Ba wanda ya ce ya jefa, ba wanda ya buge masa gwiwar hannu. Daga baya ya sha bin ranar a ransa yana neman wanda zai ɗora wa laifi, bai samu ba. Da aka tashi, Genzo ya je wanke hannu, ya tsaya a kan bokitin ya daɗe yana kallo, sannan ya sa kofin shayinsa ya kamfato ta.

"Toku, wannan fa?"

"Ta bokiti ce, ɗauki mana. Miya za ka yi da ita?"

"Ai ko cokali ba za ta cika ba," in ji Genzo. Ya rufe bakin kofin da tafin hannu ya haura gida.

Kifi mai daraja ba a gida yake girma ba. Da ƙanƙara ta narke ake kai shi tafkin laka can cikin dutse, a bar shi wata shida ba mai ganinsa, sai Oktoba a tsiyaye ruwan a ja taru. Wannan ma gayya ce. Saboda haka duk shekara Tokuji na cikin laka har ƙugu yana jan tarun Genzo, duk shekara kuma 'yar kifin nan na fitowa ta fi bara. Ruwan kabewar ya koma ruwan lemo, lemon ya nuna, a shekara ta huɗu ya zama ja mai kauri, ya taso daga kanta ya lulluɓe kafaɗu ya gangara baya, bakinsa a yanke tsaf inda ya haɗu da fari. Kowa a nan ya san jan da ke farawa a koɗe shi ne mai daɗewa. Tokuji ma ya sani, ya sha faɗa wa mutane. Genzo ne dai ya gan shi a jikin kifi mai tsawon yatsa. Mutane suka sa mata suna Mai Mayafi. Tokuji a gida 'Yar Bokiti yake ce mata.

Abin da ya fi ci masa rai, in taru ya matso bakin tafki sai Genzo ya ja baya ya ce, "Toku, zo ka ɗauke ta, ni hannuna kaushi gare shi." Tokuji ya sunkuya, ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin haɓarta ɗaya ƙarƙashin cikinta, ya ɗaga ta a ƙirjinsa. Ba ta fizga a hannunsa, lamo take yi. Ya taka laka ya kai ta baho, mutane na tafi suna taya Genzo murna. Taku goma sha biyu ne daga bakin taru zuwa bahon, ya ƙirga, kuma iyakar abin da yake samu da ita ke nan a shekara.

Matarsa Fusae ba ta raga masa. In ya dawo ranar jan taru ya tasa shinkafa gaba ya ƙi ci, sai ta ce, "Baban Sumie, bana ma ta ƙara kyau ke nan?" In ya ce kifi ne kamar kowane kifi, sai ta ce to ya ci abincinsa kamar kowane mutum. Ta taɓa ce masa da ita ce ya jefa a bokiti Genzo ya ɗauka, ba ta jin zai rame haka. Bai yi dariya ba. Shekara uku a jere ya sake haɗa uwar kifin da ubanta, ya ajiye duk wani mai ruwan kabewa har tafkunansa suka cunkushe, kuma duk suka girma a kabewarsu.

A shekararta ta biyar Mai Mayafi ta ciyo gasar gundumarmu. A ta shida ta kai tsawon hannun mutum tun daga kafaɗa, har aka daina maganar gunduma aka koma maganar babbar gasar Tokyo, wadda ake yi ƙarshen Janairu. Ba kifin ƙauyenmu da ya taɓa dawowa da babban kofi daga can. Ranar jan tarun, har tsofaffin da suka daina hawa dutse sai da suka hau da sanduna.

Tokuji ya sunkuya ya ɗauke ta kamar kullum. A taku na uku tafin hannunsa ya ji wani abu a ƙasan kafaɗarta ta hagu, wani ɗan tudu mai laushi inda ya kamata a ji santsi. Bai buƙaci dubawa ba. Sai mu faɗi gaskiya, tunda shi ma daga baya ya faɗe ta: daɗi ya ji. Daɗin ya taso masa daga ciki ya zo har maƙogwaro, da ɗumi, kamar kurɓin farko na miya a ranar sanyi. Yana iya yin shiru, a kai ta tankin Genzo, sai bayan mako a gani lokacin da ramin ya buɗe. Ya yi taku tara yana sane da haka. Da ya sauke ta a baho ya ce, "Gen, matso. Akwai abu a haƙarƙarinta."

Tafin ya tsaya. Genzo ya duƙa ya duba, ya ɗago. Bai tambayi kowa shawara ba, ya ce a ɗora bahon a bayan a-kori-kura a wuce da shi gidan Tokuji kai tsaye.

Kwana biyu aka bar ta ta huta ba abinci, a na uku da safe suka haɗu a rumfar. Tokuji ya ɗiga man kanumfari, mai sa kifi barci, a kwalbar ruwan ɗumi, ya girgiza, ya juye a baho. Kifin ta yi zagaye biyu, ta karkace, ta kwanta a gefe tana numfashi a hankali. Ya ɗauke ta ya shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen tawul, ya rufe mata ido da wani tsumma. Minti biyar gare shi, in ya wuce haka sai an mayar da ita ruwa. Gyambon bai fi farcen babban yatsa ba, yana cikin fari, dab da ƙasan bakin jan. Genzo ya tsaya a ɗaya gefen teburin ya harɗe hannuwa a baya, don kada ya taɓa komai.

Doka ɗaya Tokuji ke bi, ya kuma faɗe ta ga duk wanda ya taɓa kawo masa kifi har sun haddace: ɓawon da ya mutu ba a barinsa, ko kifin wane ne, domin a ƙarƙashinsa cutar ke ɓuya. Ya goge wurin da auduga, ya ɗauki hantsaki. Ɓawo na farko ya fito ba gardama. Na biyu haka, na uku haka. Duk farare ne, kuma fari in ya sake tsirowa fari yake dawowa; kafin Janairu ba alƙalin da zai gane wurin.

Na huɗun ne ja. Shi ne ɓawo na farko a bakin mayafin, daidai kafaɗa, wurin da idon alƙali ke fara sauka. A ido lafiyarsa ƙalau, domin ja na ɓoye jini. Tokuji ya ɗora bakin ƙaramin yatsansa a kai ya danna kaɗan. Ya ji laushi, irin na kanyar da ta wuce nuna. Matacce ne. Ya kuma san abin da cire shi ke nufi: jan ɓawo in ya sake tsirowa, wani sa'i ya dawo ja, wani sa'i ya dawo a koɗe, ya bar giɓi a bakin zanen. Rabi da rabi ne, ba mai iya cewa ga yadda za ta kaya.

Ya kama bakin ɓawon da hantsaki. Nan take daɗin nan na cikin tafki ya sake taso masa, da ɗuminsa, har sai da ya haɗiye miyau. Sai ya tsorata. Ya tambayi kansa, yatsan ne ya ce matacce ne, ko zuciyar da ta shekara shida tana jira? Ya saki hantsakin ya sake dannawa. Wannan karon sai ya ji kamar da ɗan tauri. Ya sake, ya ji laushi. Shekara talatin yatsan nan bai yi masa ƙarya ba, amma ba a taɓa tambayarsa game da wannan kifin ba. In ya cire, ɓawon ya dawo a koɗe, Genzo ba zai ce komai ba, ƙauye ma ƙila ba za su ce ba, amma shi har ya mutu ba zai san dalilin da ya sa ya ja hantsakin ba. Kifin ta motsa wutsiya a kan tawul, alamar kanumfarin ya fara sakinta.

Ya ajiye hantsakin ya ce, "Uku ne."

Genzo ya dubi kafaɗar, ya dubi Tokuji, ya buɗe baki ya rufe. Can ya ce, "Kai ka sani."

Tokuji ya shafa aidin, ya busar da wurin, ya barbaɗa garin magani, ya yi mata allura a gindin fiffiken ciki. Ya mayar da ita ruwa ya tallafe ta a gaban bututun iska har ta shure hannunsa ta tafi. Ranar kwano biyu ya ci, har da ƙari na ganyen da aka tsima a gishiri. Fusae ta tsaya da ludayi tana kallonsa, ta tambaye shi ko kifin ta mutu ne. Ya ce a'a, warkewa za ta yi, kuma da mayafinta cikakke za ta je Tokyo. Ji yake ya yi kokawa da wani abu ya kayar. Ya daɗe bai ji kansa mutumin kirki irin na ranar ba.

Ya zuba gishiri a tankin, kilo biyar ga kowane tan na ruwa, ya kunna tukunyar ɗumama ruwa yana ƙara zafin kaɗan-kaɗan kowace rana, don jikin kifi a ruwan sanyi ba ya haɗa ciwo. Genzo kan zo kowace safiya da busasshiyar kanya a takarda, ya tsaya a bakin tankin, ya koma. A kwana na shida bakin gyambon ya yi farin zobe, alamar sabuwar fata. Genzo ya yi murmushi, karo na farko tun ranar taru. Tokuji ya ga murmushin ya ji haushinsa, ya kuma ji daɗin cewa shi ne ya sa shi.

A kwana na tara ya shigo da safe ya tarar da ita a ƙasan tanki, ta maƙe fiffike a jiki, ta ƙi tasowa ga abinci. Ya haska fitila. Ɓawo na huɗu ya ɗaga baki, na bayansa ma sun ɗaga, layi biyu cikin jan. Cutar ta kwana tara tana cin hanya a ƙarƙashin murfin da ya bar mata, ruwan ɗumin da ya yi don warkarwa kuma ya taya ta sauri.

Ranar bai jira Genzo ba. Fusae ce ta riƙe tsumman ido. Ɓawo goma sha ɗaya ya cire, takwas daga ciki ja, hannunsa bai yi rawa ba ko sau ɗaya, kuma bai ji daɗin komai ba. Da ya gama, ramin ya kai faɗin ƙwan kaza. Fusae, wadda bakinta ba ya hutawa, ta dubi jajayen ɓawon da ke jere a faranti, ta dubi mijinta, ta ɗauki farantin ta fita da shi.

Daga nan ba maganar Tokyo ake ba, maganar rai ake. Mako uku yana fama, allura duk bayan kwana biyu, canjin ruwa, awon gishiri, ƙanƙara ta fara sauka tana rufe hanya shi bai ma lura ba. Kada a ce ƙyashin ya bar shi a wannan lokacin, bai bar shi ba. Yana tallafe da ita a ruwa yana duban faɗin kafaɗunta da hasken farinta, yana cewa a ransa wannan daga tafkinsa ta fito, uwarta na nan, ubanta na nan, wani ne kawai ya tsaya a kan bokiti minti ɗaya fiye da shi. A mako na huɗu ta taso ta karɓi abinci. Kafin Sabuwar Shekara fata ta rufe, sababbin ɓawo suka tsiro sirara. Farare suka dawo farare. Jajayen ma farare suka dawo, tabo guda a tsakiyar mayafin, wanda ake hangowa tun daga ƙofar rumfa.

Genzo ya rage zuwa. Sai ranar da motar Tokyo ta tashi da kifayen wasu, da rana tsaka, ya shigo yana karkaɗe ƙanƙara daga hularsa. Ya jawo akwatin abincin kifi ya zauna a bakin tankin. Suka daɗe suna kallonta tana zagaye, in ta bi ta dama sarauniya, in ta juyo ta hagu ga tabon.

"Motar ta tashi," in ji Genzo.

"Na ji ta."

"Toku, tambaya ɗaya zan yi maka, in ka so ka amsa. Ranar farko, na huɗun nan. Na ga ba ya ƙyalli kamar 'yan uwansa."

Tokuji ya juyo. "Ka gani?"

"Na gani."

"Daga inda kake tsaye?"

"Daga nan."

Ko a wannan halin sai da abin ya soke shi. Abin da shi sai da ya danna da yatsa ya gane, wannan mutumin ya hango shi da hannuwa a baya. Ya tambaye shi me ya hana shi magana. Genzo ya ce a rumfar wa zai yi magana? Shi ba likita ba ne, ya ɗauka tsoro ne ke nuna masa abin da babu. Sannan ya ce, "Kai ka taɓa shi. Me ya sa ka bar shi?"

Amsa na nan a shirye, mai kyau, wadda kowa zai karɓa: ya so ya ceci jan ne, ya yi caca bai ci ba. Genzo ma da ya gyaɗa kai, maganar ta mutu a nan. Tokuji ya dubi yatsunsa.

"Don ina son in cire shi."

Genzo ya juyo ya dube shi. Tokuji ya ci gaba.

"Hantsaki na kansa na ji daɗi ya kama ni, Gen. Irin wanda na ji a tafki da na taɓa gyambon. Sai na rasa gane wa ke magana, yatsana ko ƙyashi. Na ce in dai raina na so, to ba daidai ba ne."

Ya zaci Genzo zai tashi, ko ya zage shi, ko aƙalla ya yi mamaki. Genzo ya ciro kanya ɗaya daga aljihu ya ɓare ta biyu ya ci rabi.

"Ƙyashin ai ba labari ba ne. Tun ranar kofin shayi na sani, kai tun kafin nan ma. Wa bai sani ba a ƙauyen nan? Har shanun da ake wasan karo da su sun sani."

"Kuma ka kawo mini ita?"

"Wa zan kai wa? Shekara talatin kana hararata kana warkar mini da kifi, ban taɓa zuwa na koma da tabo ba. Rana ɗaya da ka ce bari ka zama mutumin kirki, ga abin da muka samu." Ya nuna tankin da ragowar kanyar. "Da ka bi mugun halinka ka fizge shi, da ƙila yanzu ina cikin motar nan ina jin sanyi."

Ya miƙe ya sa hula. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, ya ce shi ba shi da tafkin ciyar da kifin da ba zai je gasa ba, Toku ya san ƙa'ida.

"Na jefa ta bokiti. Ba roƙo, ba godiya."

Ya fita, ƙanƙara na ƙara a ƙarƙashin takalminsa har ya haye hanya. Tokuji bai taɓa gane ko kyauta aka yi masa ko mari ba, ni ma da nake ba da labarin ban gane ba, kuma ina zaton Genzo duka biyun ya nufa. Shekara shida yana so ta dawo hannunsa, ga ta ta dawo. Ta taso saman ruwa ta buɗe baki tana jiran abinci, sai ya ɗebo ya ba ta.

Sun ci gaba da gayya kamar da, Tokuji na jan tarun Genzo, Genzo na leƙa bokitin Tokuji, ba wanda ya sake tayar da maganar. Genzo bai taɓa dawowa da babban kofin Tokyo ba. Ya rasu shekara goma sha ɗaya bayan nan, hotunan na nan a bangon falonsa, da yankakken hannun a gefe. Tokuji ya ba tamanin baya yanzu, ya daina jinyar kifin mutane, yatsun sun fara rawa. Ita kuwa tana nan a tankin bayan gida, ta yi faɗi, ta yi nauyi, jan bai koɗe ba ko kaɗan.

Masu sayen kifi da ke hawowa dutsen nan a kaka, in an ba su labarinta, sukan ratso su gan ta. Sukan yi shiru in ta bi ta dama, su ja numfashi in ta juyo ta hagu. Bara wani ya tambayi tsohon ko shi ne ya fitar da wannan kifin. Tokuji ya daɗe yana kallon ruwan, har Fusae ta leƙo daga ƙofar kicin don ta ji abin da zai ce.

"Jan na Genzo ne," ya ce. "Farin nan na tsakiya shi ne nawa."